Ciwo Bayan Canjin Ƙugu: Laifin Ƙarfe Ne, Ko na Likita, Ko Tsufa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. A ƙarshen shekarar 2009 muka kai mahaifinmu Indiya, aka yi masa aikin canjin ƙugu na dama, aka sa masa ƙarfe. Ya ji daɗin aikin sosai, har aikin Hajji ya yi da ƙafarsa. Amma yau kusan wata takwas ke nan yana kukan ciwo a matsematsi, yana ɗingishi, wani lokaci in ya miƙe mukan ji ƙara a wurin. Wani abokina a Agege ya turo min bidiyo a WhatsApp cewa irin wannan ƙarfen jabu ne, an janye shi, Turawa ma sun karɓi diyyar miliyoyin daloli. Shin ƙarfen ne ke cin Baba? Kuma za mu iya maka kamfanin ko asibitin a kotu daga nan Legas?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi.

Tambaya biyu ka haɗa: me ke kawo ciwon, kuma wa zai biya. Ni likitan ƙashi ne, na daɗe ina wannan aiki a nan Legas, kuma lauyoyi sun sha neman in rubuta musu rahoto kan irin wannan matsala. Sai dai ni ba lauya ba ne, ban kuma duba Baba ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin nuna hanya. Abin da zan faɗa maka kai tsaye shi ne, ta biyun ba ta amsuwa sai an amsa ta farko. Kuma duka biyun suna rataye a kan wata 'yar takarda da ba ta fi katin waya girma ba, wato sitikar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da aka sa masa, da sunan kamfanin, da lambarsa.

Me ake sa wa mutum a ƙugu?

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a turmi: kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa cikin wani ƙoƙo da ke jikin kwatangwalo. In kan ya lalace, ko don amosanin gaɓɓai, ko karaya, ko don jini ya daina kai masa kamar yadda muke yawan gani ga masu sikila, sai a yanke shi a sa na ƙira. Guda huɗu ne ake haɗawa: sandar da ake zurawa cikin ƙashin cinya, ƙwallon da ke kanta, ƙoƙon da ake kafawa a kwatangwalo, da shimfiɗar da ke cikin ƙoƙon, inda ƙwallon ke gogawa. Wani likita ɗan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan tsari a 1962, da ƙwallon ƙarfe a kan shimfiɗar roba, kuma har gobe a kan tubalinsa ake gini.

Aikin yana daga cikin waɗanda suka fi nasara a duk fannin tiyata. Amma abin ƙira ne, yana da ƙarshe. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan 58 cikin 100 na irin wannan ƙugu ne ke kaiwa shekara 25. Ka ga ke nan ƙugun da ya haura shekara 15, ya yi ɗawafi da safa da marwa, ya hau gadojin masu tafiya a ƙasa na Legas, in ya fara ƙorafi ba lalle ne wani ya yi laifi ba.

Labarin da ke bayan bidiyon abokinka

Bidiyon ya ɗauko gaskiya, ya yi mata ƙari. Matsalar roba ita ce tana cinyewa a hankali. Don haka wajen farkon shekarun 2000 kamfanoni suka dawo da dabarar ƙarfe a kan ƙarfe, ƙwallo da ƙoƙo duka na haɗin wasu ƙarafa biyu, kobal da kuromiyam. Aka tallata shi ga masu sauran ƙarfi a jika, aka ce ba ya cinyewa, kuma da yake ƙwallonsa babba ne ba ya saurin gocewa. Likitoci da yawa sun yarda da wannan magana da zuciya ɗaya.

Abin da ya bayyana daga baya shi ne, duk taku ɗaya ƙarfen na goge ɗan'uwansa, yana zubar da gari wanda ido ba ya gani. Garin nan yana taruwa a naman da ke kewaye, jiki ya yi ta faɗa da shi, wurin ya tara ruwa, ya yi ƙullutu mai kama da ƙari alhali ba daji ba ne, tsokar da ke riƙe da ƙugu ta mutu, ƙashi ya zaizaye. Na taɓa buɗe irin wannan ƙugu: naman ya yi baƙi-baƙi kamar an shafa masa tokar gawayi, ruwa mai kaurin kunu yana kwarara. Ga wasu ƙalilan, kobal ɗin kan shiga jini da yawa har ya taɓa ji, ko gani, ko zuciya.

Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne samfurin ASR na kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson. Ƙoƙonsa ba shi da zurfi sosai, sai nauyi ya riƙa sauka a bakinsa, gogayyar ta ƙaru. A watan Agustan 2010 kamfanin ya janye shi daga kasuwa, bayan rajistar masu canjin gaɓɓai ta Ingila ta nuna cewa 12 zuwa 13 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sai da aka sake musu aiki cikin shekara 5. Kafin nan an riga an sa kusan 93,000 a duniya. A Nuwamban 2013 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala biliyan 2.5 ga mutum wajen 8,000 a Amurka. Kamfanin Stryker ma ya janye samfurinsa na Rejuvenate da ABG II a 2012, ya kuma biya sama da dala biliyan 1 daga baya.

Gyara biyu zan yi wa bidiyon. Na farko, ƙarfen ba jabu ba ne. Na asali ne, daga babban kamfani, mai tsada ma, hukumomi sun ba shi izini. Aibin a ƙirarsa yake. Wannan bambanci yana da muhimmanci a kotu. Na biyu, wancan sulhu na dala biliyan 2.5 na mazauna Amurka ne da aka yi wa aikin a can, ba asusu ba ne da kowa zai miƙa hannu ya ɗiba. Ba kuma ko'ina masu ƙara suka ci ba: a 2018 wata babbar kotu a Landan ta yanke cewa wani samfurin ƙarfe a kan ƙarfe na DePuy ɗin, mai suna Pinnacle, ba shi da aibi a idon doka, ɗaruruwan masu ƙara suka tashi a tutar babu, alhali a jihar Texas masu ƙara a kan wannan samfurin sun yi nasara.

Ga abin da ya sa ban yi watsi da zargin naka ba. An sa wa kimanin mutum 4,700 samfurin ASR a Indiya tsakanin 2004 da 2010, kuma aikin Baba ya faɗo cikin wannan tsakani. Yana iya yiwuwa. Amma a daidai wannan lokaci asibitocin Indiya suna sa wasu samfurori barkatai, na roba da na tangaran, waɗanda sun fi ASR yawa nesa ba kusa ba. Zato ba zai raba mana gardama ba, sai takarda.

Abubuwan da zan fara nema in Baba ya zo gabana

Ban fara da ƙarfe ba. Da ƙwayar cuta nake farawa, domin ita ce ke yaudarar mutane. Kowa ya ɗauka in wurin aiki ya kamu, za a ga zazzaɓi da mugunya. Hakan na faruwa a makonnin farko. Amma akwai wadda ke zuwa bayan shekaru, ta biyo jini daga ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon mafitsara, ko gyambon ƙafar mai ciwon suga, ta laƙe a jikin ƙarfen, ta yi wa kanta wata yana da magani ba ya ratsawa. Alamarta sau da yawa ciwo ne kawai, wanda ba ya barin mutum ko yana kwance da dare. Wata matashiya mai sikila da na duba, danginta sun riga sun ga lauya, sun tabbata ƙarfen banza aka sa mata. Da muka zuƙo ruwan gaɓar muka kai ɗakin gwaji, sai ga ƙwayar cuta, asalinta kuma wani gyambo ne a idon sawunta da ake ta shafa wa magani a gida. Ƙarfen lafiyarsa lau, amma dole ta sa muka cire shi. Irin wannan aiki yakan kasu biyu: a cire, a sa na wucin gadi mai ɗauke da magani, a yi kamar mako shida ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a dawo a sa sabo.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya: kada a sayo wa Baba maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis kafin a gwada shi. Ba zai warkar da shi ba, zai dai ɓoye ƙwayar, gwaji ya fito ba komai, mu yi aiki a makance.

Na biyu shi ne kwancewar ƙarfe daga jikin ƙashi ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma ga mai shekarun aikin Baba wannan shi ya fi yawa. Garin robar da ta cinye yana sa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya narke a hankali, sai ya fara girgiɗi kamar turken da damina ta ci gindinsa. Mai wannan yakan ce ciwon ya fi tsanani in ya tashi daga zama, ya yi taku kaɗan sai ya lafa. In a matsematsi ne, mukan zargi ƙoƙon. In a cinya ne, sandar.

Na uku shi ne waccan gubar ƙarfe da na bayyana. Ƙarar da kuke ji ba ta isa hujja ba: ƙugun tangaran ma yakan yi ƙiiƙii kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, sau da yawa ba tare da wata illa ba, ƙarar ƙwas kuma na iya nufin ƙwallon na neman fita daga gurbinsa.

Sauran matsalolin, irin su gudan jini a ƙafa wanda kan tafi huhu, ko taɓuwar jijiya da ke sa tafin ƙafa ya saki, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na farkon aiki ne, Baba ya wuce su. Gocewa da karayar ƙashi a gefen ƙarfe kuwa ba su da lokaci, kuma ba sa ɓoyuwa: in ya kasa taka ƙafar kwatsam, ko ta gajarce ta juya, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kada a kai shi wurin maɗori. Ina girmama masu ɗori a inda aikinsu yake, amma ƙashin da ke da ƙarfe a ciki ba ya son ja da murɗa. Wani lokaci ma ciwon ba na ƙugun ba ne sam, daga ƙashin baya yake saukowa, musamman in ya fi yawa a mazaunai yana bin bayan ƙafa.

Gwaje-gwajen ba su da wuyar samu a Legas. Hoton ƙashi na yanzu, a jera shi da tsohon hoton da aka ɗauka bayan aiki in yana nan. Gwajin jini guda biyu na kumburi, ESR da CRP. In sun hau, a zuƙo ruwan gaɓar. In takarda ko hoto suka nuna ƙarfe a kan ƙarfe ne, a auna kobal da kuromiyam a jini. Hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta sa kashi 7 cikin biliyan na ƙarfen a jini a matsayin mizanin da in an haura shi ake zurfafa bincike. Sai hoton MRI na musamman da ke rage hasken ƙarfe, ko sikanin, don a ga ko wurin ya tara ruwa. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi yana da masu wannan aiki, haka asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Nemi likitan da ya saba sake aikin ƙugu, don sakewa ta fi na farko wuya, ta fi zubar da jini, ta kuma fi tsada ƙwarai.

Kafin nan, ya riƙe sanda a hannun hagu tunda ƙugun dama ne, ya yi salla a kan kujera, ya bar masai na tsuguno, ya bar hawa okada. A kuma yi hattara da diclofenac da danginsa da ake sha kullum: ga dattijo, ƙoda da ciki ne ke biyan bashin.

Yanzu maganar kotu

Ƙofa uku ce, kuma mutane na yawan rikita su. Akwai aibin kaya, wanda kamfani ke ɗauka. Akwai sakacin likita ko asibiti: an kafa ƙoƙon a karkace ƙwarai, ko an ga alamun ƙwayar cuta an yi biris, ko ba a yi wa mutum bayanin haɗarin aikin ba kafin ya sa hannu. Akwai kuma matsalar da kan faru ko an yi komai daidai, wadda ba ta da mai biya. Mafi yawan waɗanda suka zo min da fushi, a ta ukun suke ƙarewa, kuma faɗa musu hakan ba daɗi.

In ta tabbata ASR ne a jikin Baba, hankalinku ya koma Indiya, ba Amurka ba, ba kuma Legas ba, don a can aka sayar da kayan aka kuma yi aikin. Gwamnatin Indiya ta kafa kwamiti kan wannan samfuri, kuma a 2018 ta amince da tsarin diyya daga rupee (kuɗin Indiya) miliyan 3 zuwa kusan miliyan 12, gwargwadon shekarun mutum da naƙasar da ya samu. Lauyan da ke aiki a can shi ne zai duba matsayin baƙon da ya zo jinya ya koma ƙasarsu, da batun wa'adi, domin kotunan masu sayen kaya na Indiya shekara 2 suke bayarwa a shigar da ƙorafi. Kada ka biya wani ɗan tsakiya a nan da zai ce zai sa sunan Baba a jerin masu karɓar diyya. Na ga iyalin da suka yi asarar kuɗin da ya isa rabin aikin gyara ta wannan hanya.

Da yake na san wasu masu karatu a nan gida aka yi musu nasu aikin, bari in ɗan faɗi yadda abin yake. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana karɓar ƙorafi a rubuce da rantsuwa, tana iya dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma ba ta ba da diyya. HEFAMAA ce ke sa ido kan asibitoci a jihar Legas. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, tana aiki da dokar 2018 wadda ta ɗora wa mai sayar da kaya masu aibi alhakin ɓarnar da suka jawo, NAFDAC kuma ita ke rajistar kayan asibiti. Diyya sai a Babbar Kotu, ko ta hanyar sulhu a Lagos Multi-Door Courthouse, wadda ni nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutanenmu, don shari'ar sakaci takan ci shekaru. Wa'adi shi ne tarkon: a Legas shekara 3 ne ga ƙarar rauni a jiki, in kuwa asibitin gwamnati ne akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal, wadda lauyoyinsu kan fara ɗagawa. Mu kuwa mun saba, sai an yi ta haƙuri, an yi ta zaman dangi, sannan a tuna da lauya.

Nauyin hujja a kan mai ƙara yake, kuma ba ƙarami ba ne. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wata mata da allurar ɗinki ta karye a cikinta lokacin tiyata, aka rufe da guntun a ciki. Kotu ta ce ba a tabbatar da sakaci ba. Shari'a saɓanin hankali. Abin da ke tsayar da irin wannan ƙara shi ne shaidar wani ƙwararren likita da zai ce abin da aka yi ya gaza abin da likita mai kula zai yi, kuma samun wanda zai tsaya ya faɗi haka a kan abokin aikinsa ba sauƙi, wannan kam laifinmu ne mu likitoci.

Wasu dattawan kan ce kai ƙara kamar ƙin yarda da ƙaddara ne. Ni ban ga haka ba. Malamanmu sun san babin lamuni da diyya. Amma a tambayi Baba ra'ayinsa tukuna, jikinsa ne.

Takardun

Koma gida ka zazzage jakar da aka dawo da ita daga Indiya. Takardar sallama, rahoton aikin, rasit, tsofaffin hotuna, har fasfon da ke da hatimin shiga da fita. Sitikar takan kasance a manne a bayan rahoton aikin ko a wani ɗan kati daban. Wani dattijo daga Alaba Rago ya taɓa zuwa min da takardunsa a leda, tururuwa sun ci gefensu, amma sitikar na nan, kuma cikin minti biyu muka san nasa tangaran ne a kan roba, ba ya cikin waɗanda aka janye. In ba ku same ta ba, ku rubuta wa sashen baƙi na asibitin da cikakken sunan Baba kamar yadda yake a fasfo, da lambar katinsa da ranar aikin, ku nemi kwafin rajistar ɗakin tiyata. In hakan ya faskara, likitan da ya saba yakan gane samfuri daga hoton ƙashi, ko da yake kotu ta fi son lamba.

In har ta kai ga sake aiki, to tun kafin ranar ku rubuta wa asibitin cewa kuna son a ajiye muku duk abin da aka cire, a ɗauki hotonsa da na naman wurin a ɗakin tiyata, a kai naman da ruwan ɗakin gwaji, a kuma rubuta abin da aka gani dalla-dalla. In ba ku nema ba, da sharar asibiti zai tafi, ko wakilin kamfani ya karɓe shi da sunan bincike. Kada ku bayar, kada kuma Baba ya sa hannu kan wata takardar karɓar tallafi kafin lauya ya karanta ta. A auna kobal da kuromiyam a jininsa kafin aikin, don da zarar an cire ƙugun adadin zai fara sauka. Ku kuma buɗe littafi ɗaya na kuɗin magani, na mota, na mai jinya, kowanne da rasit ɗinsa.

Amma kada ku jinkirta aikin don jiran lauya ko amsar Indiya. In gubar ƙarfe ce, kowane wata tsoka take ci, kuma tsokar da ta mutu ba mu da abin maye gurbinta. Ƙarfe ne kawai muke iya canzawa. Ranar da za ku je ganin likita, ku tafi da jakar takardun gaba ɗaya, da duk magungunan da Baba ke sha, har na gargajiya, ku kuma fita da sassafe, don layin karɓar kati ba ya jiran wanda cunkoson Ikorodu Road ya riƙe.